Jawabi Kan Ciwon Ƙirji Da Dawowar Jini Cikin Zuciya

 

Mu 'yan kasuwa ne, amma mun raka abokan ciniki makwanci waɗanda suka ce ai gyambon ciki ne, suka sha kanwa suka kwanta. To, idan jijiyar da ke ciyar da zuciya ta toshe, naman wurin yakan fara mutuwa bayan kamar minti 20. Abin mamaki, ko likita ya buɗe ta, dawowar jinin ma tana da tata ɓarnar. Iskar oksijin takan shigo a guje ta haifar da guba, sinadarin kalsiyam ya cika ƙwayoyin naman da suka riga suka galabaita.

A 1986, a Jami'ar Duke ta Amurka, Murry da Jennings da Reimer suka gwada wata dabara a kan karnuka: a tsayar da jinin minti 5 a saki, har sau 4, kafin toshewar minti 40. Naman da ya mutu ya ragu zuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Wato zuciya ma tana koyon juriya. Sai aka gwada a kan mutane, ana matse damtse da abin awon jini, amma binciken 2019 kan majinyata fiye da 5,000 a Turai bai nuna an rage mutuwa ba.

Abin da ya rage a hannunmu ke nan shi ne saurin kai mutum asibiti. Muna roƙon masu mota su ba sakatare sunayensu yau. Wanda ƙirjinsa ya ɗaure cikin dare, ga gumi, a wuce da shi JUTH can Lamingo, kada a ce sai an yi asuba.