Ƙashin mace rumbu ne: jawabi ga ɗaliban yaƙi da jahilci



Maganarmu ta yau a kan ƙashi ce. Kowa ya san tsohuwar da bayanta ya lanƙwashe, tsawonta ya ragu. Wata kuma santsi ne kawai ya kayar da ita a bakin rijiya, sai ƙugu ya karye. Mutane su ce tsufa ne. Gaskiya ne, amma akwai abin da ke gudana a cikin jiki, kuma masana sun bi sawunsa.

Akwai wani sinadari da ake kira kalsiyom. Shi ne ke sa ƙashi da haƙori su yi ƙarfi. Babban mutum yana ɗauke da wajen kilo 1 na kalsiyom, kusan dukansa a cikin ƙashi. Ƙashi kamar rumbu yake: ana zubawa, ana ɗiba. Masu riƙe da mabuɗin rumbun su ne ake kira ormon, wato ƴan aike da jiki ke yi da kansa, jini ya kai su ko'ina. Ɗaya daga cikinsu na mata ne, sunansa estrojen. Muddin yana da yawa, ɗiba ba ta fin zubi. A shekarar 1941 wani likitan Amurka, Fuller Albright, ya bayyana cewa ƙashin mata yana rauni bayan al'ada ta ɗauke, lokacin da estrojen ya ja baya.

To, an daɗe ana wannan bincike a kan matan Turai da Amurka, masu shan madara kullum. Yaya matan karkara na Afirka? Wata masaniya ƴar Ingila, Ann Prentice, ta ba da shekaru masu yawa ga wannan tambaya. Ta yi aikinta a ƙauyen Keneba, cikin ƙasar Gambiya, ƙaramar ƙasa da Senigal ta kewaye. Mutanen wurin Musulmi ne, suna noman gyaɗa da hatsi da shinkafa. Matansu suna zuwa gona, suna daka, suna shayar da yaro kusan shekara 2. Kun ga ba su da nisa da mu.

Ita da abokan aikinta, ciki har da wani masani ɗan Gambiya mai suna Landing Jarjou, sun riƙa auna cimakar matan. Suka tarar mace tana samun miligiram 300 zuwa 400 na kalsiyom a rana. Abin da likitocin Turai suke so ya kai wajen 1000, wato giram 1, kamar nauyin ƙwayar gyaɗa biyu. Ga shi mai shayarwa tana ba jaririnta wajen miligiram 200 kullum ta nono. Kowa ya yi lissafi zai ce rumbun nan ƙarewa zai yi.

Sai suka gwada. Suka ɗauki mata 60 masu shayarwa. Rabi aka ba su ƙwayar kalsiyom har shekara guda, rabi aka ba su ƙwaya mai kama da ita wadda ba magani a ciki. An buga sakamakon a 1995. Kalsiyom na nonon waɗannan da na waɗancan duk ɗaya ne. Ƙashin hannunsu ma ba bambanci.

Ga dalili. Lokacin shayarwa estrojen yana raguwa, jiki ya ranci kalsiyom daga ƙashin uwa ya ba yaro, ko ta sha ƙwaya ko ba ta sha ba. Bayan al'ada ta dawo, aka yaye yaro, jiki yakan biya bashin. Saboda haka kada mace ta ji tsoron shayarwa. Abin da take buƙata shi ne abinci da hutu tsakanin haihuwa da haihuwa, don rumbu ya samu cika. Maigida, wannan magana da kai ake.

Sun sake wani gwaji da mata masu ciki, aka ba su miligiram 1500 a rana daga tsakiyar ciki har haihuwa. Sakamakon da ya fito a 2010 ya ba su mamaki: waɗanda suka sha ƙwayar, ƙashin ƙugunsu bai fi na sauran ba, har ma ya ɗan gaza. Jikin da ya saba tattalin kaɗan yana da nasa tsari. Amma a saurara da kyau. In ungozoma ta gidan likita ta ba mai ciki ƙwayar kalsiyom, don kare ta daga hawan jini da jijjiga ne, ciwon da ke kashe mata wajen haihuwa. Ta sha yadda aka ce. Abin da ba a so shi ne sayen ƙwaya a kan teburin kasuwa da sunan ƙarin ƙarfi.

Sai tsofaffi. A 1996 aka buga abin da aka gani a jikin tsofaffin matan karkarar Gambiya. Ƙashinsu ba shi da nauyi, amma karaya ba ta yi yawa ba kamar ta tsofaffin Ingila. Ana jin aikin ƙarfi da tafiyar ƙasa suna cikin abin da ke taimakonsu. Kada wannan ya sa mu saki jiki. Rancen shayarwa ana biyansa, amma abin da ya zube bayan ɗaukewar al'ada, wajen shekara 50, ba ya dawowa da kansa. Shekarun farko ne zubar ta fi sauri.

Hatsi da dawa ba su da kalsiyom mai yawa. Rabin lita na nonon shanu yana da wajen miligiram 600. Kuka tana da shi sosai, matan Keneba ma daga ganyen kuka suke samun wani kaso. Akwai shi a zogala, da riɗi, da ƙananan kifi busassu da ake ci da ƙayarsu. Duk ba baƙin abu ba ne. Matsalar ita ce rabo. A gidaje da yawa a kai nono kasuwa, a dama wa tsohuwa fura da ruwa. Ita kuma saboda kara, ko an ba ta sai ta miƙa wa jika. A riƙa zuba mata nata dabam, miyar kuka ta ji kifi.

Kada a bar ta kwance a ɗaki. Hasken rana a fata shi ke sa jiki ya yi bitamin D, wanda ke taimakon hanji ya tsotsi kalsiyom. Ta fito tsakar gida, ta taka, ta tsinci wake, ta je barka da gaisuwa. A kawar da igiya da turke daga hanyarta, a ba ta sanda da fitila don fitar dare.

In kuwa ta faɗi ta kasa tsayawa, ƙafa guda ta gajarce ta juya waje, wannan alamar karayar ƙugu ce. Irinta ba ta tsinke da ɗori ba ce. Kwanciyar makonni tana kawo gyambon baya da ciwon huhu. A nemi amalanke ko mota, a kai ta gidan likita a ranar.