GASKIYA BA TA CINIKI



A kasuwa nakan ji mutum ya ce, "Kowa da gaskiyarsa. Taka taka ce, tawa tawa ce." Maganan nan tana da daɗin ji, gama takan kashe gardama. Amma bari mu auna ta da abin da ya faru a Savelugu.

Kun tuna da kurkunu. A shekara ta 1989 an ƙidaya masu ciwon nan wajen 180,000 a ƙasar Gana. Daga baya ya ragu ƙwarai. Amma a 2006 ruwan famfo daga Tamale ya yanke, mutanen Savelugu suka koma shan ruwan tafki, masu sayar da ruwa kuwa can suke ɗebowa. Da shekara ta kewayo, sai kurkunu ya kwantar da yara da manya. Har Jimmy Carter, tsohon shugaban Amurka, ya zo a watan Fabrairu na 2007, ya gani da idonsa.

Wani ya ce sammu ne. Wani ya ce a jini yake. Ma'aikatan lafiya kuwa suka ce waɗansu ƙananan ƙwari ne cikin ruwa, masu ɗauke da 'ya'yan tsutsar. Wanda ya sha su, bayan kamar shekara guda sai ta ɓullo masa a ƙafa. In ya tsoma ƙafar cikin tafki saboda zafi, sai ta zuba 'ya'yanta, wani kuma ya sha.

To, tsutsar ta tambayi ra'ayin kowa? A'a. Wanda ya gaskata da zuciya ɗaya sammu ne, ya sha, ya kamu. Wanda ya tace ruwansa da ƙyalle ya tsira. Da mutane suka bi wannan, a 2010 aka ga na ƙarshe a Gana, a 2015 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida ciwon ya ƙare a ƙasar.

Ɗan'uwana, kuɗin goro ana cinikinsa. Wani ya fi son tuwo, wani fura, ba laifi. Amma gaskiya ba a yi mata tayi. In haka yake ga ruwan tafki, balle ga Allah da ya yi ruwan?

Sa'ad da Yesu Almasihu ya tsaya gaban Bilatus, ya yi masa zancen gaskiya. Bilatus ya yi tambaya a kanta, amma bai tsaya ya ji amsa ba. Ya san mutumin ba shi da laifi, duk da haka ya bi muryar taro.

Kada ka zama kamarsa. Gaskiya ɗaya ce, amma kowa shi zai tace ruwan randarsa. Sani kaɗai bai warkar da kowa ba. Ka tambaya, ka jira amsa, in ka samu kuwa ka bi ta, ko da za ta jawo maka hasara.

Allah ya ba mu zuciya mai son gaskiya. Sai mako mai zuwa.