Kekuna Uku, Karaban Ɗaya: Ranar da Na Ga Ɗaki Yana Rawa a Kan Titi

Yau ba siyasa, ba maganar katin zaɓe. Labari zan ba ku na ranar da kekuna suka kusa halaka mu a Ingila. Na san wani zai ce, "Keke kuma?" To, ka dai tsaya ka ji.

A bazarar 2022 ina Manchesta ina digiri na biyu. Akwai wani abokina Bature ɗan ajinmu, babansa yana da abin da suke kira karaban. Ga wanda bai taɓa gani ba, ɗaki ne guda a kan taya, da gado da madafi da ɗan banɗaki a ciki, ana maƙala shi a bayan ƙaramar mota a ja shi zuwa wurin hutu. Tirela ce dai, amma ba irin mai ɗaukar siminti ba. Turawan can suna ji da ita sosai, har ƙungiyar masu ita gare su tun 1907.

Muka shirya mu uku za mu yankin tafkuna da ke arewa maso yammacin ƙasar, kusa da tafkin Windamiya, mu kwana uku muna zaga duwatsu a kan keke. Ni kun san ni da keke, tun ina jami'a nake wa matasa wa'azin su hau. To ga kekuna uku, ina za a sa su? Ɗaya muka cire masa tayar gaba muka tura but. Sauran biyun, abokina ya sayo wata kariya ta hannu ya ɗaura a can ƙarshen bayan karaban. Ni na ɗaure su da kaina. Wallahi na yi ɗauri irin na ɗan kasuwar da zai kai kaya Legas, na ja igiya har tafin hannuna ya yi ja. Na girgiza, ko motsi. Na ce shi ke nan, mu tafi.

Mun hau babban titin M6, mun doshi arewa. Dokarsu ta ce mai jan tirela kada ya wuce mil 60 a awa a irin wannan titi, wajen kilomita 96 ke nan, a ƙananan hanyoyi kuma mil 50. Abokina bai karya doka ba. Muna cikin wata 'yar gangara ya fita zai wuce wata babbar mota. Muna kai wa daidai kanta sai na ji bayan motarmu ya yi wani irin ja zuwa dama, ya dawo hagu. Na leƙa madubi. Jama'a, ɗakin nan rawa yake yi. Ya yi nan, ya yi can, kowane kaɗawa ya fi na baya faɗi. Ni dai salati kawai nake. Na bayanmu yana ihu a taka birki.

Allah Ya taimake mu abokina bai saurare shi ba. Ya riƙe sitiyari sak da hannu biyu, ya ɗage ƙafa daga totur a hankali, ya bar motar tana rage gudu da kanta. Bayan 'yan daƙiƙoƙi abin ya lafa. Daga baya na gane abin da ake koyarwa ke nan: kada ka danna birki da ƙarfi, kada ka ƙara wuta, kada ka yi ta murɗa sitiyari kana kokawa da ita. Babansa ne ya taɓa gaya masa, shi ke nan iliminsa a kai. Don tun 16 ga Disamba 2021 gwamnatin Birtaniya ta soke jarrabawar musamman ta jan tirela, mai lasin ƙaramar mota yana iya jan wadda ta kai kilo 3,500 ba tare da ya zauna gaban kowa ba. Ni a ganina wannan ganganci ne, amma bari mu bar shi nan.

Muka shiga wurin hutawar matafiya kusa da Lankasta, gwiwoyina na kakkarwa. Ina fita na nufi kekunan, don a raina igiya ce ta kwance. Suna nan daram yadda na ɗaure su. Muna tsaye muna muhawara sai ga wani dattijo, shi ma da tasa karaban a gefe, ya zagayo ya dubi bayan tamu ya girgiza kai. Ya ce, "Samari, kun auna hancinta kafin ku taso?" Muka dubi juna. Na ce, "Baba, hanci kuma?"

Ashe abin da suke kira nauyin hanci shi ne nauyin da gaban karaban ke dannawa a kan ƙugiyar mota, wannan dunƙulallen ƙarfe mai kamar ƙwallo da ake maƙala ta a kai. Shawarar da ake bayarwa a can ita ce ya kasance kashi 5 zuwa 7 cikin ɗari na nauyin karaban da kayanta. A Amurka ma sun fi haka, kashi 10 zuwa 15 suke cewa, don ƙirar tirelolinsu daban ce. Tamu wajen kilo 1,300 ce, ke nan ana son tsakanin 65 da 91. Ita kuma motar, littafinta ya ce ƙugiyarta kada ta ɗauki fiye da 75. Dattijon ya ɗauko ma'auninsa ya sa. Kilo 41.

Ku tsaya in yi muku lissafin, don nan ne abin yake. Tayoyin karaban suna kusan tsakiya, ita kuma kamar sikeli take a kansu. Duk abin da ka sa a bayan taya, ɗaga gaba yake yi. Kekunan nan biyu kilo sha biyar-biyar, kariyar kanta wajen goma, arba'in ke nan. Suna rataye kamar mita biyu da rabi a bayan tayoyi, ƙugiya kuma tana kamar mita uku da rabi a gabansu. Ka ninka 40 da biyu da rabi, ka raba da uku da rabi, kusan kilo 29 suka sace daga hanci. Hancin da ya kamata ya zauna a 70 ya koma 41. Gaba ya yi sakayau, sai iskar babbar mota ta ɗan ture mu, shi ke nan rawa ta tashi.

Ni da kaifin baki na ce, to ai da sauƙi, mu kwaso jarkokin ruwa mu jibge a gaba su rama. Dattijon ya yi dariya ya ce a'a. Kuma da na yi tunani sai na tuna ɗan garuwa. Garwa a gaba, garwa a baya, sanda a kafaɗa, nauyi ya daidaita tsaf. Amma ka ce masa ya juya da sauri ka gani, garewanin nan za su ci gaba da tafiya su ja shi. Haka karaban take. Ma'auni zai nuna maka lamba mai kyau, amma nauyi a ƙarshe da ƙarshe, da zarar ta fara kaɗawa tsayar da ita aiki ne. Kaya masu nauyi a ƙasa ake sa su, daidai saman tayoyi.

To ina kekuna za su? Mu dai a ranar ciki muka shigar da su, muka tsayar da su a tsakar ɗakin daidai kan tayoyi, muka naɗe feda da tsumma kada ta yage kujeru, muka ɗaure. Aka sake aunawa, 68. Sai dai a kula, kayan da aka yarda karaban ta ɗauka ba su da yawa, da yawansu kilo 150 ne da 'yan kai, kuma tukunyar gas da batir da abinci duk suna neman wuri a lissafin.

Abin da dattijon ya fi so shi ne rufin mota, don ba ruwansa da karaban sam. Shi ma yana da iyaka, motoci da yawa kilo 75 ne har da ƙarfen kariyar. Kuma ka riƙa tuna cewa motarka ta ƙara tsayi, kada ka shiga ƙarƙashin shingen wurin ajiye motoci ka ji ƙaras. Masu keken lantarki kuwa, wanda yakan wuce kilo 20, ɗaga shi sama wahala ce, kuma a cire batirin a sa cikin mota kafin a ɗora shi ko'ina.

Akwai masu ɗora su a kan ƙarfen gaban karaban, tsakaninta da mota. A Holan da Jamus an fi ganin haka, don ƙarfen gaban nasu ya fi tsawo. Nan matsalar ta juye: kusan duk nauyin kan ƙugiya yake sauka, mai iyakar 75 kafin ya ankara ya wuce. Kuma in ka sha kwana mai tsanani, kan keke na iya dukan gilashin bayan mota. A gwada a fili tukuna, wani ya tsaya yana kallo.

Kada in yi wa kariyar baya rashin adalci. Akwai karaban da kamfani ya ƙera da wurin ɗaura ta, ya rubuta iyakar nauyi. Tamu ba ta cikinsu, a jikin bango kawai aka huda aka ɗaura. Ko a wadda aka yarda ɗin, sai an sake auna hanci, kuma keke kada ya rufe lamba ko fitilun baya.

Ma'aunin ma ba dole sai na kanti ba. Dattijon ya ce sikelin banɗaki da guntun katako sun isa: ka tsaya a wuri mai shafe, ka ja birkin karaban, ka yanka katakon yadda bakinta zai zauna daidai tsayin ƙugiyar mota, ka sauke shi a kai ka karanta. Minti biyar.

Na san yawancinmu ba mu da karaban, wasu ma yau suka fara jin sunanta. Amma tun da na dawo gida, duk ranar kasuwa in na ga Golf an cika but da buhuna har sun zazzago waje, an ɗora babur a kai, gaban motar ya ɗaga sama kamar tana gaisuwa, sai gabana ya faɗi. Tayoyin gaba su ne na sitiyari, kuma su ne aka rage wa nauyi. Direban ya sha ɗauri da igiya mai kyau, irin nawa.

Mun isa Windamiya da la'asar, ana yayyafi. Kariyar nan kuwa abokina ya kwance ta a daren, muka mai da ita wurin shanya safa.

Sai mun haɗu a shiri na gaba, in Allah Ya kai mu.