AMSOSHIN TAMBAYOYINKU: Wane Madabod Zan Saya Wa Yarona?

Tambayarmu ta yau ta fito ne daga wani manomi a ƙasar Dambatta. Ya ce ɗansa ya koyi zane da kwamfuta, irin su katin biki da sitika da kalanda, shi kuma ya sayar da bijiminsa na kiwo domin a haɗa wa yaron tasa. An ce masa madabod zai fara saye. Yana tambaya, shin mene ne shi, kuma wanne zai saya?

To Malam, Allah ya saka maka da alheri. Madabod shi ne faffaɗan faifan nan na cikin akwatin kwamfuta, wanda sauran kayan duk suke hawa kansa. Amma fa ba shi ake fara saye ba. Furosesa ake fara zaɓa, wato ƙwaƙwalwar da ke yin aikin. Ai ka sani, sai an ga ruwan fartanya ake sassaƙa mata ƙota.

Manyan masu ƙera furosesa su biyu ne, Intel da AMD, duka a Amurka, kuma kowanne da irin gurbin da nasa yake zama, shi ne ake kira soket. AMD na da AM4 wanda ya fito a 2016, da AM5 na 2022. Intel na da LGA1700 na 2021, da LGA1851 na 2024. Na wannan ba ya shiga gurbin wancan, in aka matsa kuwa sai asara. Saboda haka ka duba sunan soket a jikin kwalayen biyu, ka tabbata ɗaya ne.

Abu na biyu shi ne ram. Ka ɗauke shi kamar tabarmar shanya: in ta yi kaɗan, aiki sai ya riƙa jiran aiki. Manhajojin zane irin su CorelDRAW da Photoshop suna cin ram ƙwarai. A fara da gig 16, amma a nemi madabod mai gurbin ram huɗu, domin in kasuwa ta buɗe a ƙara zuwa 32 ba tare da an sake faifai ba. Sannan ram iri-iri ne. AM4 na ɗaukar DDR4, AM5 kuwa sai DDR5 kawai. LGA1700 akwai mai wannan, akwai mai wancan, to a lura.

Na uku, ya zama yana da gurbin M.2, inda ake sa ma'ajiya mai sauri da ake kira SSD, da kuma dogon gurbin katin hoto. Ga kuma wani tarko: furosesar Intel da lambarta ta ƙare da harafin F ba ta fitar da hoto da kanta, dole sai da katin hoto. In furosesar tana fitar da hoto da kanta, zanen kati da kalanda zai yiwu ko babu katin, sai a saye shi daga baya in yaro ya shiga aikin bidiyo.

Batun girma kuma, matsakaicin da ake kira microATX ya wadatar, amma a ƙirga guraben ram, don wasu biyu ne kawai. Kada a ruɗe ka da mai fitilu kala-kala, wannan na masu wasannin kwamfuta ne, ba ya ƙara wa zane kyau. Rarar kuɗin ka zuba ta a allon kallo mai nuna launi daidai, da sitabilaiza, da batirin nan mai riƙe wuta da ake kira UPS. Wutarmu ka san halinta, tashi ɗaya take ƙona faifai.

In na hannu za ka saya, to a yi hattara. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 10 tun Oktoban 2025, Windows 11 kuma ba ta yarda da tsofaffin injuna, a ɓangaren Intel sai daga zubi na 8 zuwa sama. Ka je da yaron, a haɗa a kunna a gabanku, a leƙa soket ko akwai lanƙwasasshen tsinke, kuma a rubuta maka rasit da kwanakin mayarwa. Arha dai ba ta ado.

In an kawo ta gida, a ɗora ta kan tebur inda iska ke shiga, a riƙa hure mata ƙura, musamman da hunturu.

Da fatan ka gamsu, Malam. Allah ya sa wa sana'ar yaro albarka.