Jarrabawar Tankaɗe da Rairaya ga Ɗaliban Ilmin Ji a Amurka



Maƙasudin wannan lacca shi ne duba wata jarrabawa da jami'o'in Amurka ke yi wa ɗaliban babban digiri a fannin ilmin ji, wato ilmin auna jin ɗan Adam da taimakon wanda kurumta ta sama. Wannan fanni ya kafu ne bayan Yaƙin Duniya na Biyu, sa'ad da sojoji da yawa suka komo gida ƙarar bindiga da bom ta lalata musu kunne. Raymond Carhart na Jami'ar Northwestern shi ake ɗauka uban fannin. Tun daga shekarar 2012, Ƙungiyar Masana Magana da Ji ta Amurka, wato ASHA, ba ta ba sabon mai nema shaidar ƙwarewa sai yana da digirin dakta. Galibi karatun shekara huɗu ne, ta ƙarshe kuwa a asibiti ake yin ta.

Kafin ɗalibi ya kai wannan shekara ta ƙarshe, jami'o'i da yawa sukan tsare shi da jarrabawar da ta tattara dukkan abin da ya koya. Takan zo ta fuska uku: rubutu, da amsa tambayoyi da baki a gaban kwamitin malamai, da kuma gwajin aiki da na'ura, domin gani ya kori ji. Wanda ya faɗi akan ba shi dama ta biyu. In ya sake faɗuwa, a wurare da dama sai a sallame shi. Bayan wannan akwai jarrabawar ƙasa mai suna Praxis, wadda ake nema wajen samun lasisin aiki.

To, mene ne dalilin wannan tsanani, alhali ɗalibi ya riga ya ci kowane darasi ɗaya bayan ɗaya? Dalili shi ne maras lafiya ba ya zuwa asibiti a rarrabe darasi-darasi. Alal misali, a ce wa ɗalibi ga mutum ɗan shekara 45, jinsa ya ragu a kunne ɗaya kawai, kunnen yana ƙugi, kuma kalmomi suna cakuɗe masa. Dole ɗalibi ya gwada ji ta iska da kuma ta ƙashin bayan kunne, domin ya gane ko illar tana kunnen tsakiya, inda dodon kunne da ƙananan ƙasusuwa uku suke, ko kuwa can ciki ce. Dole kuma ya tuna cewa irin wannan alama tana iya nuna ƙari a jijiyar ji. Ɗalibin da ya yi gaggawar saka wa mutumin na'urar ƙara ji, bai tura shi ga likitan kunne ba, ya faɗi, ko da ya haddace littattafai duka.

Haka kuma batun jarirai. Ƙa'idar da ake bi a Amurka ita ce a gwada jin jariri kafin ya cika wata 1, a tabbatar da illa kafin wata 3, a fara taimako kafin wata 6. Kuskure a nan yana iya jinkirta wa yaro koyon magana, lokacin da ya wuce kuwa ba ya dawowa.

A shekarar 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa kimanin mutum miliyan 430 ne ke bukatar taimako saboda raunin ji. Saboda haka, mai shirin wannan jarrabawa ya kamata ya rage dogaro da hadda, ya lazimci tattauna matsalolin marasa lafiya tare da abokan karatu, yana kawo hujjar kowane hukunci da ya yanke. Abin da kwamitin malamai ke son ya tabbatar shi ne ko za a iya damƙa wa wannan ɗalibi amanar kunnen jama'a ba tare da malami na tsaye a kansa ba.