Ƙaro da mangwaro: abin da muke da shi a gida

Yau hirarmu kan mangwaro ce, kuma kar ku yi dariya tukuna.

Duk wanda ya taɓa shiga kasuwar 'Yan Lemo ta Na'ibawa a Kano lokacin mangwaro ya san warin da nake nufi. Mota ta taso tun daga Binuwai, ta kwana a hanya cikin zafi, kafin a sauke wani ya riga ya narke. Akwai wata goggona da ke sarar kwando tana kasawa a ƙofar gida. Bara na ga ta zubar da kusan rabin kwando a kwana na uku. Jarinta ke nan fa, ba riba ba.

To me ke faruwa? Mangwaro ko an tsinke shi yana nan da rai. Yana shaƙar iskar oksijin, yana fitar da ruwa ta ɓawonsa, yana kuma sakin wata iska da ake kira etilin, wadda ita ke hanzarta nuna. Zafi ya ƙaru, duk wannan ya ƙara gudu. Haka 'yan uwansa masu ƙwallo ɗaya a ciki suke, irin su fich na ƙasashen sanyi.

Dabarar ita ce a shafa masa wani siririn rufi wanda ake iya ci, ya rage masa numfashi, ya riƙe masa ruwa. A Sifaniya masu bincike sun gwada ruwan alobera a kan ceri. Wasu na amfani da kakin zuma. Amma wanda ya tsaya mini a rai shi ne ƙaro. E, ƙaron nan dai da ake wankin hula da shi, wanda malamai ke sawa a tawada. A 2010 masu bincike a Maleshiya sun wallafa cewa ruwan ƙaro na kashi 10 cikin 100 ya jinkirta nunar tumatir, daga baya aka gwada shi a kan mangwaro ma.

Kun ga abin haushin? Bishiyar ɗakwara tana nan a Jigawa da Yobe da Borno. Mu da Sudan da Chadi muke fitar da ƙaro waje, su zuba a lemon kwalba da alawa su sayar mana, mu kuma mangwaronmu na ruɓewa a bakin titi.

Na gwada da kaina. Giram 100 na ƙaro mai tsafta a lita ɗaya ta ruwan ɗumi, a yi ta juyawa har ya narke, a tace da kyalle, a bari ya huce. Sai a tsoma mangwaron da ya ƙosa amma bai nuna ba, a shanya a inuwa ya bushe. Waɗanda na tsoma sun fi daɗewa da tauri, ba su yanƙwane da wuri ba. Amma karo na biyu na yi zalama, na ƙara kauri, wai don ya fi aiki. Wallahi da na yanka, tsami da wari kamar abin da ya fara zama giya. Na toshe masa numfashi gaba ɗaya ke nan.

Kuma in faɗa muku gaskiya, ƙaro ba ya gyara mangwaron da aka kaɗo da sanda ya faɗo ya fashe. Sai an tsinka da hannu, a bar ɗan guntun kara, kar ruwan ƙullun nan ya ƙona ɓawon, a ajiye a inuwa. Kuma kar a haɗa shi da masu sa kabaid don kaya ya nuna dole, wannan NAFDAC ta sha gargaɗi a kai. Shi ƙaro abinci ne.

Ku 'yan jami'a da kuka karanta aikin gona kuna zaune, ga aiki. Ku samu mai kaso ɗaya a unguwarku, ku raba kwando biyu, ku tsoma rabi, ku rubuta abin da kuka gani kullum. Goggo ta ce bana za ta ba ni mangwaro ashirin kawai in gwada, sauran ba ta yarda ba tukuna.