Itacen Sassaƙa da Katakon Kafinta a Magarya da Dungas: Abin da Ƙidayar Gawo Ta Bari a Baya



Batun wannan lacca shi ne itacen da masassaƙa da kafintoci ke aiki da shi a gundumomin Magarya da Dungas, kuma matsayin da za a kare shi ne cewa hukumomin da ke alfahari da farfaɗowar itatuwa a kudancin jihar Damagaram sun daɗe suna kallon itace a matsayin inuwa da taki da abincin dabbobi kawai, sun kau da kai daga kasancewarsa kayan aiki, har mai gizago ya zama abin zargi a ƙasar da babu gidan da zai kwana biyu ba turmi ba ƙota. Ba sai an maimaita wa wannan zauren labarin farin 1973 da na 1984 ba, ko taron yaƙi da hamada da aka yi a Maraɗi a 1984, ko abin da ake faɗa game da tsananin Sarki Tanimu na Damagaram kan duk wanda ya sare gawo. Kowa a nan ya san su.

Abin da ya cancanci a tsaya a kansa shi ne binciken da Mahamane Larwanou da Abdoulaye da Chris Reij suka fitar a 2006 kan sassaben zamani a jihar Damagaram. Sassaben zamani shi ne manomi ya bar tohon da ke fitowa daga kututture ko daga iri a gonarsa, ya zaɓi mafi ƙarfi, ya rage sauran, ya yi ta kula da shi har ya zama itace, maimakon ya share gona fes kamar yadda malaman gona suka koyar a da. Binciken ya nuna cewa a Magarya da Matamaye da Mirya wannan aiki ya mamaye kimanin hekta miliyan 1, inda ake samun itatuwa daga 20 zuwa 120 a hekta guda, kuma a lokacin Dungas tana cikin Magarya, domin sai a 2011 ta zama gunduma mai zaman kanta. Bayan haka mai bincike Gray Tappan ya gwada hotunan sama na 1975 da na tauraron ɗan Adam na shekarun 2000, aka kai ga ƙiyasin da duniya ta haddace, wato hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a faɗin Nijar. Alƙaluman nan abin yabo ne, kuma manoman da suka yi aikin da hannunsu, ba tare da wani shiri ya dasa musu ba, sun fi kowa cancantar yabon.

Sai dai masu ɗauko waɗannan alƙaluma a taruka ba su cika karanta abin da ke biye da su ba, wato cewa itacen da ya fi rinjaye a wannan yanki gawo ne, in ban da wurare kamar kewayen Mirya inda kuka ta yi yawa. Dalilin rinjayen gawo a fili yake: yana zubar da ganye da damina, don haka ba ya tare wa gero rana, saiwarsa na ƙara wa ƙasa ƙarfi, awaki da shanu na cin 'ya'yansa su watsa irin a cikin kashinsu, ga shi kuma da saurin girma. Manomi ya zaɓi abin da ke amfanin hatsinsa, kuma ya yi daidai. Amma itacen gawo mai taushi ne, ƙwari masu huda itace da gara ba sa jinkirin shigarsa, kuma duk masassaƙin da ya san aikinsa ba ya kai masa gatari sai in ya rasa na kirki. Ma'anar haka ita ce hekta miliyan ɗayan nan ta magance matsalar taki da makamashi da harawa, ta bar matsalar kayan sassaƙa inda take, kuma tun da hoton tauraro yana ganin inuwar itace ne ba ya tantance kirya da gawo yadda masassaƙi ke yi, rahotanni suka ci gaba da cewa daji ya dawo alhali kirya da marke da danya da maɗaci sai ƙara wuyar samu suke yi a gonaki.

Kirya ta isa misali. Turmin kirki daga gungumenta ake fitar da shi, saboda jan cikin itacen yana da nauyi da tauri, gara ba ta cin sa, kuma yana jure dukan taɓarya shekara da shekaru. Masassaƙi kan yanke gungumen daidai tsawon turmi, ya feƙe bayansa da gatari har farin da ke ƙarƙashin ɓawo ya tafi, ya tsayar da shi ya fara fafe cikin da gizago yana juya shi kaɗan-kaɗan, yana barin gindi da kauri domin nan ne duka ke sauka, sannan ya ajiye shi a inuwa ya bushe sannu, domin rana na tsaga shi. Irin wannan gungume ba ya samuwa sai itacen ya yi shekaru masu yawa, ga shi maƙera ma gawayin kirya suke nema, ga kuma irinta mai taurin ɓawo da ba ya tsira da sauƙi sai an jiƙa shi a ruwan zafi ko an kankare shi. Itace mai jinkirin girma wanda buƙatarsa ta yi yawa, kuma ba wanda ke shuka shi, makomarsa sananniya ce. Haka lamarin yake ga danya da ake sassaƙa akushi da ita, da aduwa da ke ba almajiri allo ta ba manomi ƙotar hauya, da giginya mai azara.

Halin kafinta ya ma fi na masassaƙi rauni, domin kusan duk falankin da ke shagonsa baƙo ne. Daga dazukan kudancin Nijeriya katako ke tasowa, ya sauka a kasuwanni irin ta 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano, sannan ya haura ta Maigatari ko Babban Mutum, kowane zango da kuɗin mota da na kan iyaka. Lokacin da Nijeriya ta rufe iyakarta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, da kuma lokacin takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin Yulin 2023, wanda ya haɗa har da yanke wutar lantarkin da ke zuwa Maraɗi da Damagaram, kafintoci sun ga yadda sana'arsu ta rataya a kan shawarar da ba su da hannu a ciki. Dazukan da ake dogara da su ma ba su da tabbas, kamar yadda wawushe madobiya a jihar Taraba domin kasuwar Sin ya nuna, har yarjejeniyar CITES ta sanya itacen cikin jerin waɗanda ake sa wa ido tun daga 2017. Sakamakon tsadar katako shi ne gadon amarya da kabad ɗinta yanzu akasari da allunan garin katako da aka matse da gam ake yin su, masu ƙyalli a ranar jere, waɗanda ke kumbura su ruguje da zarar danshi ya taɓa su, kuma iyayen da suka sayar da tumaki suka saya su ne ke asara. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta ba Magarya mutum sama da 570,000, Dungas sama da 350,000, kuma kowace shekara dubban yara ke shiga makaranta suna neman tebur da benci. Wannan kasuwa ce babba, kuma kuɗinta ƙetare iyaka yake yi.

Wasu abokan aiki a gandun daji za su ce da zarar an sassauta wa masassaƙa, abin da aka tara cikin shekaru arba'in zai ƙare a shekara biyar. Amsar tana cikin tarihin da su kansu suke bayarwa. Dokar daji ta Turawan mulkin mallaka ta 1935 da ta Nijar ta 1974 sun mai da itace mallakar gwamnati, sun sa tara, kuma a ƙarƙashinsu ne gonaki suka zama fili, saboda manomi ya gwammace ya tumɓuke toho tun yana ƙarami da ya raini abin da zai jawo masa sammaci. Gawo ya dawo ne lokacin da manomi ya fara jin cewa nasa ne. Dokar karkara ta 1993 da dokar daji ta 2004 da kuma dokar Yulin 2020 kan sassaben zamani duk sun matsa zuwa wannan hanya, saura kawai a bi ta har ƙarshe.

Shawarwarin da suka biyo baya ba sababbi ba ne. Na farko, manomin da ya raini kirya ko maɗaci a gonarsa a ba shi shaida a rubuce daga hukumar filaye ta ƙauyensa, ya kuma iya sayar wa masassaƙi da izinin da ake samu a ƙaramar hukuma, kamar Guci ko Malawa ko Dogo-Dogo ko Waca, ba tare da doguwar tafiya da jiran ofis ba. Sarakunan sassaƙa da ƙungiyoyin kafintoci su shiga kwamitocin da ke sa ido, domin sun fi kowa sanin wanda ke sara da dare. Na biyu, wuraren renon itatuwa su daina cika bikin dashen itace na 3 ga Agusta da abin da ya fi sauƙin tsira, su ware kaso na dindindin ga kirya da marke da danya, tun da ba a fafe gora ranar tafiya.

Na uku, kuma shi ya fi gaggawa, shi ne dogon yaro, wanda wasu ke kira bedi. Dangin maɗaci ne, yana da saurin girma, gara ba ta son sa, kuma ya cika tituna da makarantu da kasuwanni, amma mafi yawansa a murhu yake ƙarewa saboda babu injin tsaga gungume a kusa, babu rumfar busarwa. Aikin kare iska na kwarin Majiya a jihar Tawa, wanda aka fara a 1975, ya riga ya nuna cewa ana iya sare dogon yaro bisa tsari ya sake tohowa. Cibiyoyin koyon sana'a na ƙananan hukumomi, da tallafin asusun koyon sana'a na FAFPA, su samu injin tsagawa da na gogewa masu aiki da hasken rana, su koya wa matasa yadda ake jera falanki a inuwa da tazara tsakaninsu har ya bushe, da yadda ake haɗa gaɓa da gaɓa ba tare da dogaro ga ƙusa kaɗai ba. Jami'ar Damagaram da cibiyar binciken noma ta INRAN kuwa su sake ƙidayar 2006, amma a wannan karon iri-iri, da kaurin kowane itace, masassaƙa na cikin tawagar.

Kira na ƙarshe ga masu tafiyar da ƙananan hukumomi ne da masu riƙe da kasafin ilimi: kwangilar teburan makaranta ta gaba a gundumomin Magarya da Dungas a ba kafintocin yankin, da sharaɗin wani kaso na itacen ya fito daga gonakin yankin.